Faifai Biyu da Yaya Ta Nema

Yayata ta shekara ashirin da shida tana aiki a wani ƙaramin asibitin ido, ni kuma na shekara tara a teburin karɓar marasa lafiya na wannan asibitin, don ita ce ta samo mini aikin. A gida Yaya muke ce mata. A wurin aiki kuwa Anti Tafireta ake kiran ta, saboda lokacin da aka ɗauke ta, buga wasiƙu da tafireta shi ne aikinta. An daɗe da jefar da tafiretar, amma sunan ya zauna daram.

Babu wanda ya taɓa naɗa ta mai kula da kwamfuta. Ranar da aka kawo kwamfuta ta farko, kowa ya tsaya daga nesa yana kallo, ita kuma ta ja kujera ta zauna, don ita kaɗai ta san inda kowane harafi yake. Daga nan shi ke nan. In firinta ta cinye takarda, a kira Anti. In wani ya manta lambar sirrinsa, a kira Anti. Har butar shayi ta lantarki in ta ƙi yin zafi, ita ake kawo wa, wai ai duk kayan wuta ne. Ba ta taɓa shiga aji don wannan ba. Da tsofaffin littattafai ta koya, da shafukan intanet inda mutanen da ba su san juna ba suke amsa wa juna tambaya, da kuma ɓata abu ta zauna ta gyara.

Ofishinta wani ɗan ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin matakala, ba taga, kuma in ta miƙe da sauri sai kanta ya bugi siminti. Tare suke zaune da katan-katan na maganin ɗiga a ido da sandunan goge ƙasa. A nan babbar kwamfutar asibitin take, kan wata kantar ƙarfe. Duk sauran kwamfutocin daga gare ta suke ɗauko komai: sunayen marasa lafiya, ranakun dawowarsu, da hotunan cikin ido da injin ɗaukar hoto yake turowa. Kuma duk wannan, har da babbar manhajar da take tafiyar da ita kanta kwamfutar, yana zaune ne a kan faifan ajiya guda ɗaya da ke cikinta, wanda ya haura shekara goma yana juyi.

Wata safiya Yaya ta kira ni ta ce in kara kunnena a jikin kwamfutar. Na kara. Na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake.

“Kin ji?”

“Na ji. Ba fanka ba ce?”

Ta yi tsaki. Yaya tana da tsaki iri-iri, wannan kuwa dogon ne da take ajiye wa 'yan uwa. “Faifan ne yake sallama, Auta. Zai iya kai wata shida, zai iya mutuwa kafin azahar.”

Ta hau sama wurin Likita, mai asibitin. Mutumin kirki ne, hannunsa ba ya rawa a cikin idon mutum, amma in aka fara maganar kwamfuta sai ka ga yana duba agogo. Na bi ta da wasu takardu, don haka da kunnena na ji.

Ta ce tana so a sayo sababbin faifai biyu. Za ta haɗa su su zama kamar abu da madubinsa, duk abin da aka rubuta a ɗaya, a take ya shiga ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗayan ya ci gaba da aiki ba tare da an tsaya ba. Sannan ta kwashe manhajar gaba ɗaya daga tsohon ta mayar kansu.

Likita ya ce, “To wurin ajiya zai ninka ke nan.”

“A'a, ranka ya daɗe. Wurin ɗaya ne za mu samu.”

“In sayi biyu in samu ɗaya?”

“Haka ne.”

“Malama, ba gara a sayi ɗaya sabo a sa komai daga farko ba?”

Ta yi masa bayani, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Manhajar injin hoton ido, kamfanin da ya yi ta ya rufe tun da daɗewa, faifan da aka zo da ita a ciki ya ɓata lokacin da aka yi wa ginin fenti. Ba a sake samun ta a ko'ina. Yadda take zaune a cikin kwamfutar nan, haka za a ɗauke ta ɗungurungum, kuma dole a yi tun tsohon faifan yana numfashi.

Ya ce zai duba, ta yi magana da Manaja.

Manaja ƙanin matar Likita ne. Wannan kaɗai ya isa bayani a kan yadda ya zama manaja. Ya sauko ɗakin Yaya, ya kara kunne, ya ce shi bai ji komai ba. Washegari ya dawo ya ce wani abokinsa ya ce ƙura ce, a hure. Yaya ta miƙa masa sukudireba ta ce bismilla. Bai karɓa ba.

Haka aka kwashe mako bakwai. Kullum da yamma sai ta kwafe bayanan marasa lafiya a wani faifai na tafi-da-gidanka ta kulle a durowa, tana yi tana ƙunƙuni. A gida ma ba mu huta ba. Innarmu, wadda ko saƙon waya sai an karanta mata, sai da ta fara tambaya, “Ya jikin faifan naku?”

Sai ranar wata Talata, ɗakin jira cike, an ɗiga wa mutum takwas maganin buɗe ƙwayar ido suna zaune suna lumshe-lumshe, kwamfutar ta tsaya cak. Minti arba'in ba abin da yake motsi. Ban san wa zan kira ba, ban san wa ya riga wa ba. Wani dattijo ya ce shi tun safe yake nan, wata mata ta ce ƙarya ne, ta riga shi, su biyun kuwa ba wanda yake ganin ɗan uwansa sosai. Likita ya sauko da kansa, abin da bai saba ba, ya leƙa ƙarƙashin matakala ya ce, “Malama, me ya sa ba ki gaya mini abin ya kai haka ba?”

Ni da na san Yaya, na ga jijiyar wuyanta ta miƙe.

A ranar aka tura Manaja kasuwa, ta rubuta masa komai a takarda. Ya dawo da yamma yana murmushi, ya ajiye kwali ɗaya a gabanta.

“Ina ɗayan?”

“Anti, ai na samo miki mafi kyau. Wannan shi kaɗai girmansa ya kai biyun da kika rubuta. Ga shi waya ɗaya kawai zai ci.”

Ta dube shi, ta dubi kwalin. Ta ce, “Manaja, in ka je sayen takalmi, ƙafa ɗaya kake sayowa babba?”

Ya koma da shi. Sai bayan kwana uku faifai biyu suka iso.

Ta roƙi a bar mata asibitin ranar hutun ƙarshen mako, kada kowa ya taɓa kowace kwamfuta. Likita ya ce babu damuwa. Ta sa na buga sanarwa da manyan haruffa na manna a ƙofar ɗakinta da kan kowane tebur. Ni kuma ta ce in zo in riƙe mata fitila, don ɗakin duhu gare shi ko da rana.

Ƙarfe bakwai na safe muka fara. Ta kashe kwamfutar, ta kwance murfin gefe, ta ɗaura sababbin faifan biyu kusa da tsohon. Ta manna wa kowanne farar takarda ta rubuta Na Ɗaya, Na Biyu, Tsoho. Ta tayar da kwamfutar daga wani ɗan filas da ta shirya, irin ƙaramin ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, don kada manhajar ta kasance tana aiki alhali ana kwashe ta. Ta raba wurin ajiyar sababbin faifan kashi-kashi iri ɗaya, ta haɗa su. Kafin ta danna kowane umarni sai ta karanta shi sau uku da ƙarfi, don a cewarta, in ta juya sunan tsohon da na sabon, za ta kwafi wofi ta zuba a kan komai. Wajen tara da rabi aka fara kwashewa. Allon ya nuna zai ɗauki kamar awa huɗu, saboda tsohon yana yi yana tsayawa ya huta.

Ƙarfe goma sai muka ji ana buɗe ƙofar gaba. Likita ne, da mutum uku a bayansa.

“Su uku ne kawai, Malama. Daga nesa suka zo.”

“Ranka ya daɗe, babu kwamfuta yau.”

“Na sani, na sani. Da hannu zan rubuta.”

Wajen sha biyu da rabi, an ci fiye da rabin aikin, Yaya ta ga tana bukatar wata gajeriyar waya da babu a durowarta. Shagon kayan wuta yana bakin titi, tafiyar minti biyar. Ta ce in zauna in tsare ƙofa. Na zauna. Sai ɗaya daga cikin baƙin Likita, wata tsohuwa, ta ce in raka ta banɗaki don idonta bai washe ba. Me zan ce mata? Na kama hannunta muka tafi.

Da na dawo, na tarar da Likita a tsugune ƙarƙashin matakala, yatsansa a kan maɓallin kwamfutar. Fankar ta yi shiru. A daidai lokacin Yaya ta shigo da leda a hannu.

Ya ce, “Hoton idon wannan baiwar Allah na bara kawai nake so in gani. Tawa ta sama ta ƙi buɗewa, sai na ce bari in kashe in kunna.”

Yaya ta ajiye ledar a hankali. “Ba ka ga takardar da ke jikin ƙofa ba?”

“Na gani. Amma ba ke kika koya mini ba? Shekara nawa kina cewa in ta tsaya in kashe in kunna?”

Gaskiyarsa ce, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta ce, “Ranka ya daɗe, don girman Allah ka hau sama.” Ya hau, sumui-sumui. Sannan ta juyo kaina. Ba zan maimaita abin da ta ce ba, amma ta taɓo har wani yadin atamfarta da na ƙona da dutsen guga ina 'yar shekara sha biyu.

Ta kunna kwamfutar. Sababbin faifan suka tashi, tsohon bai tashi ba. Ƙas, ƙas, shiru. Ta kashe, ta jira, ta sake. Shiru. Gumi ya jiƙa bayan rigarta. Bayanan marasa lafiya suna nan a durowa, amma in tsohon ya tafi yanzu, injin hoton ya zama kayan ado. Ta cire shi, ta riƙe a tafin hannu kamar ɗan tsako, ta bar shi ya huce a gaban fanka kusan rabin awa. A karo na uku muka ji ya ɗauki juyi. Ba ta yi murna ba, ta dai ce, “Kada ki yi ko tari.”

Aka ci gaba da kwashewa daga inda aka tsaya, bayan ta bi ta tabbatar abin da ya riga ya shiga bai lalace ba. Wannan karon ta kulle mu a ciki ta sa makullin a aljihu. Abincin ranarmu a nan muka ci, a kan katan, gwiwa na gugar gwiwa.

Wajen huɗu aka gama. Saura ta gaya wa manhajar sabon mazauninta, wato ta rubuta wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa a cikin wani fayil, sannan ta sa ɗan abin da yake tayar da kwamfuta a kan faifan biyu duka. Ta ce mutane da yawa a nan suke faɗawa rami, su sa a ɗaya kawai, ranar da shi ya mutu sai ga komai lafiya a ɗayan amma kwamfuta ta ƙi tashi. Ta gama, ta zare tsohon da filas ɗin, ta kunna.

Baƙin allo, da layi biyu na farin rubutu. Manhajar ta ce ba ta ga faifan ba.

Ta sake bin komai daga farko. Waya daidai, haɗi daidai. Ta duba lambar sau biyu ta ce daidai take. Tana dubawa ne tana ja da baya da kanta daga allon, tana ƙanƙance ido. Na ce, “Yaya, bari in karanto miki.” Ta ce ba ta makance ba. Bayan wani kwata na awa ta turo mini takardar da lambar take kai ba tare da ta dube ni ba. Na karanta, tana bi da yatsa. A wuri na sha ɗaya, inda takarda ta ce takwas, ita uku ta rubuta.

Shekara ashirin da shida a asibitin ido, ashe ba ta taɓa yarda an gwada nata ba. Da Likita ya sauko zai tafi gida ya ji labari, sai fuskarsa ta washe, don yau ga abin da ya fi ta sani. Ya ce ta hau sama yanzu-yanzu. Ta ce sai ta gama. Ta gyara lambar, kwamfutar ta tashi lafiya lau, injin hoto ya amsa. Sannan, a gaban idonsa, ana cikin aiki, ta sa hannu ta zare wayar Na Ɗaya. Likita ya dafe ƙirji. Babu abin da ya tsaya. Ta kashe ta kunna da Na Biyu shi kaɗai, ta tashi. Ta mayar, ta jira suka daidaita, ta gwada ɗayan ma. Sai a sannan ta bi shi sama, ta sauko da takardar tabarau tana mita wai firam ɗin duka munana ne.

Wata huɗu aka yi lafiya. Abin da ya biyo baya kuma laifina ne, ba zan ɓoye ba. Ina share tsofaffin fayiloli a ranar wata Alhamis, hannuna ya zame na goge foldar hotunan ido na wannan shekarar gaba ɗaya. Har kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna e, don waya tana ƙara a gefena. Da na tuna faifai biyu ne sai na ji sanyi. Na sauka na ce, “Yaya, na yi ɓarna, amma ai akwai a ɗaya faifan.”

Ta cire sabon tabaranta ta ajiye. “Auta, me na ce ranar nan? Duk abin da aka yi wa ɗaya, a take ake yi wa ɗayan. Kin goge a nan, ya goge a can. Maganin mutuwar faifai na yi, ban yi maganin hannunki ba.”

Abin da ya cece mu shi ne faifan durowa. Sai dai tun da aka yi sabon haɗin, Manaja ya ce kwafar kullum tana hana a rufe asibiti da wuri, aka mayar da ita sau ɗaya a mako. Hotunan kwana uku suka tafi. Mutum talatin da ɗaya na kira ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri su dawo a sake ɗauka. Wani ya tambaye ni ko idonsa ne ya lalata injin.

Likita kuwa ya tara mu ya ce, “Malama, ni dai na ɗauka da aka sayi biyu an gama da irin wannan.” Manaja ya gyaɗa kai ya ce shi ma tun farko yana da shakka.

Washegari Yaya ta ajiye takardar neman hutu, na mako uku. Rabonta da hutun da ya wuce kwana biyu tun haihuwar ɗanta na ƙarshe, wanda yanzu yake da gemu. Ta tafi wurin 'yarta, ta kashe waya. Har ni ba ta bar wa wata lamba ba.

Ba abin da ya faru, ko kuma haka muka zata. Ranar da ta dawo, ta gaisa da kowa sama-sama, ta shige ɗakinta. Ba a yi minti ɗaya ba ta ƙwala mini kira. Na tarar da ita tana nuna gaban kwamfutar. An manna baƙin salatif a kan wata 'yar fitila, an kuma cusa auduga a ramin da ƙara take fita.

Aka kira Manaja. Ya ce e, shi ne. Kwana biyu da tafiyarta abin ya fara wani tsit-tsit, da jar fitila, yana damun marasa lafiya a ɗakin jira. Da ya ga komai yana aiki, sai ya rufe.

Ta ɓare salatif ɗin, ta duba allo. Na Ɗaya ya mutu murus, sabo fil, irin wanda yake zuwa da aibinsa daga masana'anta. Kwana goma sha tara asibitin yana tafiya a kan Na Biyu shi kaɗai. An duba ɗaruruwan mutane, an ɗauki hotuna, ba wanda ya jira ko minti ɗaya.

Na zaci za ta yi murna, ko aƙalla ta hau sama ta gaya wa Likita magana. Ina! Sabon faɗa ta buɗe. Kwana goma sha tara, kwamfuta tana kuka, babu mai hankalin da zai ce me ya same ta? Da na biyun ya bi shi fa? Na ce, “To Yaya, wa za mu kira? Kin kashe waya.” Ta ce wannan ba hujja ba ce. Na ce hujja ce mana. Muka yi ta yi har mai goge-goge ta zo ɗaukar sandarta ta koma ba ta ɗauka ba.

Da kanta ta je ta canzo faifan a ranar, ba ta aiki kowa ba. Ta ɗaura shi, ta zauna tana kallon lamba tana hawa a allo yayin da Na Biyu yake zuba masa komai. Likita ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau. Ya ce madalla, to in ta samu sarari firintar sama tana fitar da layi-layi.

Saura shekara biyu ta ajiye aiki. Ta mayar da kwafar kullum ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta kuma sa kwamfutar tana turo mata saƙo a waya in wani abu ya taɓu. Ta sayi babban littafi mai bango mai kauri tana rubuta komai a ciki, mataki-mataki, don wanda zai gaje ta. Ta kai shafi na sittin. Jiya ta ba ni in karanta babi na farko ta ga ko mutum irina zai gane. Na ce na gane. Ta yi mini tambaya uku, na ci ɗaya, ta karɓe littafin ta ce za ta sake rubutawa.